Kitabul Farƙi a Bakin Iyaka: Sharhi kan Tunanin Shugabannin Jihadi game da Mulki da Adalci da Halin Ɗan Adam

Manufar wannan takarda ita ce a duba littafin nan Kitabul Farƙi, wanda ake dangana wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817), a gwama shi da abin da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka rubuta game da sha'anin mulki, sa'an nan a auna ko ya kamata a fassara shi shi kaɗai a miƙa wa manya waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya jawo tambayar a fili yake. Wanda ya koyi karatu da girma, in bai sami abin karantawa mai ma'ana ba, kafin damina biyu haruffan sun gudu. Shi kuwa wannan littafi gajere ne, kuma maganar da ke cikinsa ta kasuwa ce da haraji da dabbobin kaya da dukiyar mamaci, watau abubuwan da manomi da mahauci da ɗan koli suka sani ciki da bai. Saboda haka duk mai tsara littattafan karatu zai yi kwaɗayinsa. Mu kuwa muna ganin in aka ba da shi tsurarsa, mai karatu zai tashi da akasin abin da marubutan suka nufa.

Domin maganar ta tsaya da ƙafafunta, bari mu sa mai karatu guda a gabanmu, mu ce mutumin Ɗan Barto. Garin yana kudu da Matameye, a ƙasar Kance ta jihar Damagaram, daidai bakin iyakar Nijar da Nijeriya, bisa hanyar da ta bi ta Kwangwalam ta shiga Daura. Wannan iyaka Faransa da Ingila ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, amma akwai wata da ta girme ta da shekara ɗari. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓo tuta ya fitar da Sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, daga birninsa. Zuriyar Abdu suka yi ta neman wurin zama, daga baya suka kafu a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram. Haka nan birnin Katsina ya faɗi a 1807, tsohon gidan sarautarsa ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Ita kuwa Damagaram Barno take bi, ba ta taɓa shiga hannun Sakkwato ba. Ke nan mai karatunmu ya tashi ne a ƙasar da ta zauna ɗaya gefen, ga shi kuma za a ba shi littafin da tun daga sunansa ya raba mulki gida biyu, na musulmi da na kafirai.

Abin da ke cikin littafin da matsalar fassararsa

Mervyn Hiskett ne ya buga nassin Larabcin tare da fassarar Ingilishi a Landan cikin 1960, kuma daga wannan bugu mafi yawan masu bincike suka san shi. Kashin farko jerin halaye ne na mulkin da marubucin ke suka: gadon sarauta da ƙwace ta da ƙarfi ba tare da shawara ba, taɓa rai da mutunci da dukiyar mutane yadda aka ga dama, ɗora kuɗaɗen da shari'a ba ta san da su ba, zuba ƙasa a ka wajen gai da sarki, da sauransu. Kashi na biyu shi ne tsarin da ya ce a bi. An gina shi bisa abu biyar, watau kada a ba da shugabanci ga mai nemansa, a riƙa shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Sa'an nan ya kawo mataimaka huɗu, waziri da alƙali da shugaban ƴan doka da mai karɓar haraji.

Ga mai nazarin harshe, kashin farko ya fi daraja nesa ba kusa ba, domin a tsakiyar Larabcin marubucin yakan tsaya ya faɗi sunan abin da Hausa. A nan muke samun jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa, da tawasa, watau naman da ake karɓa daga mahauta ran kasuwa, da kamuwa, watau kama dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki ba da yardarsa ba, da gargaɗi, watau tilasta wa mutane fita yaƙi ko su biya tara. Har sunayen sarautu irin su Galadima da Ubandawaki da Yari sun fito. Waɗannan shaida ce ta Hausar fada da ta kasuwa a farkon ƙarni na 19, kuma siffar nan kurɗi da ta fito a bugun Hiskett ita ce Barth ya rubuta da ya zo ƙasar Hausa a 1851.

Amma fa a nan tarkon mai fassara yake. A cikin Larabci, kalmar Hausa takan tsaya ita kaɗai kamar wanda aka gurfanar gaban alƙali. Marubucin ya fara bayyana aikin da muninsa, sa'an nan ya ce ga sunan da masu yinsa suka laƙaba masa. Ƙarfin maganar duka yana cikin tazarar da ke tsakanin aikin da sunan. Abin da ake ba na bakin ƙofa kafin a ga sarki rashawa ce, amma an kira ta gaisuwa, kalmar da kowane yaro aka hore shi da ita tun yana goye. Kwashe dukiyar wanda ya mutu ƙwace ne, amma an kira shi gado. Tilas an kira ta gargaɗi, wanda a bakin malamai jan kunne ne don tsoron Allah. To, in aka mai da jimlar Hausa kai tsaye, aka ce suna karɓar gaisuwa, suna cin gado, suna yin gargaɗi, tazarar ta rufe, mai karatu kuma ba zai ga laifin kowa ba. Wa zai zargi sarki don an gaishe shi? A ganinmu wannan shi ne wuri mafi zurfi a littafin, kuma masu tarihi sun cika wuce shi da sauri don neman jerin haraji. Marubucin ya gane cewa mai iko ba ya ƙwace sai ya fara raɗa wa ƙwacen suna mai daɗin ji, har wanda aka yi wa ya ji kunyar ƙorafi. Sharhin harshe ne sosai, kuma fassarar da ba ta nemi dabarar riƙe shi ba ta zubar da mai ta bar ruwa.

Daga ina zalunci ke fitowa

An saba karanta Kitabul Farƙi a matsayin hoton sarakunan Haɓe, kamar dai zaluncin halin wata zuriya ne, da aka kawar da ita sai ya tafi da ita. Ya kamata a lura cewa kalmar Haɓe tana cikin kan maganar da Hiskett ya sa wa bugunsa, sunan littafin na Larabci bai ambaci wata kabila ba. Tushen da marubucin ya ba waɗannan halaye shi ne bin son zuciya, kuma waɗanda yake yi wa magana jama'arsa ce, yana ja musu kunne kada su kwaikwayi wannan hanya ko da a sunayen sarauta. Ba a ja wa mutum kunne a kan abin da ba zai iya aikatawa ba. Bugu da ƙari, kukan bai fara daga Degel ba. Littafin ya jingina da Shurbuz Zulali, waƙar Larabci ta wani malamin Barno na tsakiyar ƙarni na 18 a kan halal da haram cikin dukiya, kuma tun ƙarshen ƙarni na 15 Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna. Watau malaman Barno da na ƙasar Hausa sun daɗe suna wannan magana da sarakunansu.

Babbar hujja kuwa tana wurin Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ne ya ja rundunar da ta ci nasara a Tabkin Kwatto a 1804, saboda haka babu mai cewa ɗan kallo ne. Amma wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, sai ya bar rundunar ya kama hanyar gabas da niyyar Makka. Ya ba da dalilinsa da kansa cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813. Ya ga yawancin abokan da aka fara tafiyar da su sun mutu, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma ga neman muƙami da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin hawa cikin gari. Bai wuce Kano ba. Can ma ya tarar da abin da ya gudo wa, mutanen garin suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen shugabanci, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya koma. Shekara uku ke nan da hijira zuwa Gudu. Duk wanda ya karanta wannan ba zai sake cewa shugabannin jihadi sun ɗauki zalunci ciwon wasu ne ban da wasu ba. Bahaushe ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, Abdullahi kuwa ya ga gibin a cikin sansaninsa.

Abin da ya biyo baya bai ƙaryata shi ba. Laifin farko a jerin Kitabul Farƙi shi ne gadon sarauta, amma da Shehu ya rasu a 1817 ɗansa Bello ne ya hau, kuma tun daga ranar sarautar Sarkin Musulmi ba ta fita daga zuriyar Shehu ba. Haka masarautun da aka ba tuta, kusan kowace ta zama ta gida ɗaya ko ta ƴan gidaje. Galadima da Ubandawaki suna nan ba su mutu ba. Da Barth ya zauna Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace karofi kuma wuri 700. Jangali kuwa ya ga bayan daular kanta, ya ratsa zamanin Turawa, har a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda Daura ke cikinta a lokacin, suka yi shelar soke shi tare da haraji. Ba mu kawo wannan don a rage wa kowa daraja ba. Mun kawo shi ne domin mutumin Ɗan Barto yana cin kasuwar Mai'aduwa, yana da dangi a Daura, ya san duk wannan da idonsa ko daga bakin kakanninsa. Littafin karatun da zai ce masa an kawar da waɗannan abubuwa a 1804 zai ajiye shi tun shafi na biyu.

Maganin da suka kawo

Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ga Umaru Dallaji, Sarkin Katsina na farko daga ɓangaren jihadi, wanda shi ne ke fama da Katsinawan da suka yi arewa. B. G. Martin ya buga shi a 1971. Ƙa'idodi bakwai ne, wasu sun shafi sarki, wasu mutanen da ke kewaye da shi, wasu kuma jama'a. Wurin da ya fi kowane amfani ga littafin karatu shi ne inda Bello ya ɗora wa sarki nauyin kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, a tabbata kowane gari ya sami rabonsa, a gyara kasuwanni da hanyoyi. A nan adalci ya sauko daga zauren alƙali ya shiga rumfar kasuwa, kuma Hausar da za a fassara shi da ita a shirye take, ba a bukatar ƙirƙiro kalma ko ɗaya.

Akwai kuma inda ya ce jama'a takan sami shugaba daidai da halinta. Wannan wuƙa ce mai baki biyu. Tana iya zaburar da mutane su gyara tsakaninsu, tana kuma iya zama abin da azzalumi zai rufe bakin mai ƙara da shi, ya ce halinku ne ya jawo ni. Haka take da karin maganar nan da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, wadda ta yi daidai da damuwar Bello game da abokan zaman sarki, amma sau da yawa wanke sarki ake yi da ita.

A nan ne muke ganin raunin ginin. Sun gane ciwon sarai, har sun ce mai neman mulki kada a ba shi, domin nemansa alama ce ta abin da zai yi da shi. Amma maganin kusan duka ya rataya ne a wuyan shi mai mulkin, ga tsoronsa ga Allah da jin nasiharsa. Shekara 17 kafin hijirar Gudu, a 1787, waɗanda suka tsara mulkin Amurka sun tashi daga irin wannan rashin yarda da zuciyar mai iko, sai suka bi wata hanya dabam. Suka raba ikon gida uku, domin kwaɗayin wannan ya tare kwaɗayin wancan, ko da babu na kirki a cikinsu. Kada a ɗauka shugabannin Sakkwato ba su da nasu shingen. Sun sa shari'a bisa sarki, rubutacciya ce, ba shi ya yi ta ba, kuma malami na iya buɗe littafi ya nuna masa inda ya kauce. Wannan shinge ne na gaske. Sai dai alƙalin da zai yanke hukuncin sarki ne ke naɗa shi, shi ne kuma ke tuɓe shi, shawara kuwa babu wanda zai tilasta a ji ta. Wani abin da gidajen biyu suka yi tarayya a kai shi ne, duka sun yi dogon bayani a kan adalci alhali gonakinsu bayi ke nomawa. Littafin karatun manya a ƙasar da har yanzu ake tuna asalin kowa bai kamata ya yi kamar bai san da wannan ba.

Akwai muryar da ya wajaba a sa, ita ce ta Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi na Barno. Cikin wasiƙun da ya aika wa shugabannin jihadi ya amsa cewa lalle akwai rashawa da cin dukiyar maraya da zalunci a ƙasarsa, amma ya ce saɓo dabam kafirci dabam, kuma irin wannan ɓarna tana nan a Masar da Sham ba wanda ya fitar da su daga Musulunci. Bello ya mai da martani mai tsawo, kuma abin yabo ne gare shi da ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa cikin Infaƙul Maisuri a 1812, ya bar masu zuwa su yi hukunci. Ga mutumin ƙasar Damagaram wannan ita ce hujjar gefen da kakanninsa suka zauna. In an ba shi ita tare da ta Sakkwato, an ɗauke shi mai hankalin da zai auna. In an ɓoye ta, abin da zai ji kawai shi ne an kira mutanensa kafirai cikin littafin gwamnati.

Wasu kalmomi

Saura kalmomi uku da ke bukatar a yi musu zama na musamman. Ta farko mulki. A Hausar yau ba ta da launi, ana cewa mulkin kai, mulkin soja, mulkin farar hula. Amma a Larabcin waɗannan malamai asalinta yana ɗauke da warin sarautar duniya, kishiyar halifanci, har Abdullahi ya ƙyamaci irin waɗannan laƙabai, Shehu kuma ya sassauta a kansu cikin Najmul Ikhwani a 1812. In mai fassara ya zuba mulki ko'ina, wannan gardama ta ƴan'uwa biyu ta ɓace. Ta biyu siyasa. Bello na nufin iya riƙon jama'a, tsohuwar Hausa ma ta san yi wa mutum siyasa da ma'anar lallashi da rangwame, amma yau mai karatu jam'iyya da ƙuri'a zai ji. Gara a ce ƙa'idodin riƙon jama'a. Ta uku talakawa, wadda aka saba fassara ra'iyya da ita. Ra'iyya abin kiwo ce, tana ɗora wa makiyayi nauyi, za a tambaye shi in ɗaya ta ɓata. Talaka kuwa ya haɗa rashin sarauta da rashin abin hannu, ba ya ɗora wa kowa komai. Ita ma Haɓe, da yake kalmar Fulatanci ce mai nufin waɗanda ba Fulani ba, ba sunan da mutanen Kance ko na Zango ke kiran kansu da shi ba ne, a bar ta ga masu tarihi.

Shawararmu ga masu tsarawa ita ce a yi ɗan littafi guda mai murya huɗu, a fara da zaɓaɓɓun wurare daga Kitabul Farƙi, a bi da labarin fitar Abdullahi zuwa Kano, sa'an nan sashen masu sana'a na Bello, a rufe da musayar wasiƙu da Alkanemi, kowane da shekararsa in an san ta. A buga shi da boko bisa ƙa'idar rubutun da aka daidaita a taron Yamai na 1980, da ajami a shafin da ke fuskantarsa, tun da da yawa daga cikin ɗaliban sun riga sun yi allo. Game da gaisuwa da ƴan'uwanta, a fara faɗin aikin da kalma mai kaushi, rashawa ko ƙwace ko tilas, kana a kawo sunan fada da baƙin rubutu mai kauri, yadda ido zai ga tazarar da Larabci ya nuna wa kunne. In malamin aji ya kai wannan wuri sai ya dakata, ya tambayi ɗalibai sunan da ake ba irin wannan karɓa a yau, a kasuwa da tasha da shingayen hanya. Za su ce na goro, za su ce na shan ruwa, za su kawo wasu da ba su shiga ƙamus na Bargery na 1934 ba. A rubuta su a allo su zama darasin rubutu na ranar, mai duba azuzuwa kuma ya kwafo su ya aiko wa sashen ƙamus, tare da sunan garin da aka ji kowace.